Baba Riƙe-Min da Kwanon Akawu

Kafin Likita ta iso, kafin a buɗe tagar ba da magani, Baba Riƙe-Min ya riga ya jingine kekensa a jikin tankin ruwa, ya rataye hularsa a ƙusa, ya zura tsohuwar rigar aikinsa mai aljihu ɗaya. Ɗayan aljihun wani bunsuru ne ya cinye shi tun da daɗewa. Yakan fara da wanke teburin ƙarfen da ake ɗora marasa lafiya a kai, ya jera igiyoyi da takunkumi daga ƙarami zuwa babba, ya shanya tsummokaran da suka kwana a jiƙe. Sannan ya leƙa ƙofa ya dubi layin ranar: mai akuya, mai kyanwa a kwando, mai kaza a hammata, da wanda ya zo da kare amma karen ne ke jan sa. Da kallo ɗaya Baba yake gane wanda zai yi cizo yau, kuma ba kullum ba ne dabbar.

Ba wanda ya zauna ya raɗa masa wannan suna. Shekara talatin da ɗoriya likitoci suna zuwa asibitin dabbobin nan suna tafiya, kowanne da halinsa, amma kiransu ɗaya ne: "Baba, riƙe min!" Tun yana saurayi ake ce masa Baba don tsokana, har ya tsufa sunan ya zo ya same shi daidai. Aikinsa ke nan, riƙo. Likita ba ta iya soka allura a jikin abin da ke zillo, ba ta iya leƙa bakin abin da ke neman yatsanta. Sai wani ya sa ƙirji da hannu ya tsayar da dabbar cak, ba tare da ya karya ta ba, ba tare da ta karya shi ba. In an gama, mai dabba ya yi wa Likita godiya, ya yi wa mai ba da magani godiya, wani har dabbar yake yi wa sannu. Baba kuwa yana can bakin famfo yana wanke sabon yagi.

Hannayensa biyu kamar allon da yara suka yi wasa da shi suke. Kowane tabo da labarinsa, kuma ba ya ba da labarin sai an matsa. Mutanen layin asibitin har yanzu suna maganar ranar da wani bijimi ya tsinke igiya ya nufi titi, kowa ya tsere, har mai bijimin ya haye katanga yana salati. Baba ya bi shi a baya a hankali yana yi masa magana kamar mai lallashin maƙwabci, ya dawo da shi yana tafe yana kaɗa wutsiya. Da aka tambaye shi abin da ya faɗa masa, sai ya ce, "Ce masa na yi duk inda ya je allurar nan tana jiransa, gara ya rage mana tafiya."

Akwai kuma riƙon da ba a ba da labarinsa da dariya. Idan dabba ta tsufa tukuf, ko ciwo ya ci ƙarfinta har ba sauran abin yi sai allurar da ke kawo ƙarshen wahala, masu ita sukan fita waje su juya baya. Baba ba shi da damar juya baya. Shi ke ɗora kan a cinyarsa, yana shafa bayan kunne, yana ƙananan maganganu har numfashi ya tsaya. A irin wannan rana ba ya cin abincin rana, kuma kowa a asibitin ya san kada ya tambaye shi dalili.

Yanzu da ya ajiye aiki, muna iya cika shafi da irin waɗannan. Amma waɗanda suka yi aiki da shi sun ce in har za a jinjina wa Baba, to a ba da labarin Manaja, don a nan ne suka ga iyakar mutumin.

A bayan asibitin, tsakanin tanki da ɗakin ajiya, karnuka biyu ne suka yi zamansu shekara da shekaru. Wani ne ya kawo su suna 'yan kwikwiyo, ya ce zai je ya dawo, har yau yana hanya. Ɗaya siriri ne, mai zafin nama, shi ke haushi in baƙo ya shigo, shi ke zagaya katanga, shi ke korar ɓeraye, saboda haka aka sa masa Akawu. Ɗayan ƙato ne, ja, mai faɗin ƙirji, ba ya komai sai kwanciya a inuwa yana duban yadda aiki ke tafiya. In Akawu ya yi haushi goma, shi sai ya ɗaga kai ya yi guda ɗaya mai kauri, kamar mai sa hannu a takarda, ya koma barci. Ba sai an faɗa muku dalilin da ya sa aka kira shi Manaja ba.

Tare suka tsufa. Bakinsu ya yi furfura, tafiyarsu ta yi nauyi, kunnen Manaja ya soma toshewa har ya zama sai ya ga Akawu ya miƙe sannan ya san an shigo. Ana saura 'yan watanni Baba ya yi ritaya, wata safiya aka tarar da Akawu a kan buhunsa, ya tafi cikin barci, bai wahalar da kowa ba, kamar yadda ya saba.

Gwaggo mai shara ce ta fara cewa ba abin da zai sami Manaja. Gwaggo mace ce mai tsafta da baki, ta yi shekaru tana sharar asibitin tana faɗa da Baba a kan tsumma, a kan bokiti, a kan inda ya ajiye keke. Ta ce, "Wannan? Wannan da bai taɓa damuwa da kowa ba sai cikinsa? Yanzu ma ya samu, kwano biyu nasa ne shi kaɗai." Don tausayi irin nata, wanda ba ta yarda a kira shi tausayi, ta wanke kwanon Akawu tas ta ɗora a saman kabad, wai kada Manaja ya riƙa gani yana tunawa.

Manaja bai ci kwano biyu ba. Bai ci ko ɗaya ba. Da farko yawo ya riƙa yi, shi da ba ya taka ƙasa sai dole: ya leƙa bayan tanki, ya leƙa ƙarƙashin mota, ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon titi, ya dawo ya sake leƙa bayan tanki. Daga nan ya koma kan buhun Akawu ya kwanta ya juya wa duniya baya. Baƙo ya shigo har tsakar gida bai sani ba. Wani lokaci da tsakar rana sai ya ɗaga kai ya saki wani kuka mai tsawo da ba a taɓa jin irinsa daga bakinsa ba, har masu jiran layi su dubi juna. Kare mai tsafta wanda bai taɓa ɓata wurin kwanansa ba ya soma fitsari a inda yake kwance. In aka ajiye masa abinci a shuɗiyar robarsa, sai ya sansana, ya dubi gefensa na hagu inda ba kowa, ya mayar da kai.

"Kewa ce," in ji Baba.

Likita ta ce, "Na yarda akwai kewa, Baba. Amma kada mu ɗora wa kewa komai. Tsohon kare in ya daina ci, jikinsa ake fara dubawa. Ɗauko min shi."

Likita yarinya ce a shekaru amma ba ta wasa da aikinta, kuma ta yi gaskiya. Ta sami ruɓaɓɓen haƙori can ciki wanda ya kumbura masa dasashi, ta cire. Ta sami ciwon gaɓɓai a ƙafafun baya, ta rubuta magani. Ta ɗebi jini ta ce ƙodarsa ta fara gajiya, dole ya riƙa shan ruwa sosai, kuma yunwa ba za ta yi masa da sauƙi ba. Bakin ya warke, ɗingishin ya ragu, amma robar nan ta ci gaba da komawa wurin wanki a cike.

Kowa ya kawo tasa dabarar. Mai ba da magani ya sayo hanta da kuɗinsa, Manaja ya dube ta kamar an miƙa masa takardar sammaci. Gwaggo, wadda ta ce ba ruwanta, ta zo da wani ɗan kwikwiyo a zaninta, ta dire shi a gaban Manaja ta ce, "To ga sabon akawu an kawo maka, sai ka tashi ka kama mulki." Ɗan kwikwiyon ya cinye hantar, ya hau bayan Manaja, ya ja masa kunne, ya yi fitsari a ƙafar Likita. Manaja ya ja jiki da ƙyar ya koma ƙarƙashin mota. Likita ta ce a mayar da yaron gidansu, tsoho a wannan hali kwanciyar hankali yake so, ba raino ba.

Da awazunsa suka fito fili, sai aka koma ƙarin ruwa. Wannan kare, a da, in za a yi masa allurar shekara, sai Baba ya kwanta a kansa gaba ɗaya, mai ba da magani ya riƙe ƙafafu, Gwaggo ta tsaya daga nesa tana ba da umarni. Yau ga shi a kan tebur, allura ta shiga ko motsi bai yi ba. Baba ya ɗora hannu a kansa don kawai an saba, ba don akwai abin riƙewa ba.

Bayan an gama, Likita ta rufe ƙofa ta ce, "Baba, ba zan ɓoye maka ba. Ruwan nan ba abinci ba ne. In muka ƙara ɗan lokaci bai ci da kansa ba, ba zan ci gaba da huda shi ba. Wahala ce kawai muke ƙara masa."

Baba ya gane abin da take nufi. Ya dubi tebur, ya dubi kabad ɗin da ake ajiye waccan allura. Ya ce, "To, Likita, wa zai riƙe?"

Dukansu sun san amsar. Ya riƙe ɗaruruwa a wannan tebur bai taɓa cewa a'a ba. Amma wannan shi ya ba shi madara da cokali yana jariri. Tsoro ya kama Baba, tsoro na gaske, cewa bayan shekara talatin da ɗoriya, riƙon da zai rufe aikinsa da shi, shi ne kan Manaja a cinyarsa.

Abin da ya biyo baya, Baba ba ya yarda a kira shi hikima. Yakan ce tsautsayi ne da ƙurar Gwaggo. Wata safiya ya zo zai murƙushe ƙwayar magani a cikin shinkafa da romo, ya tarar robar Manaja tana jiƙe a bokiti. Ya miƙa hannu saman kabad ya sauko da kwanon Akawu, tsohon kwanon silba mai lotsattsen gefe. Ya kai shi bayan tanki, ya durƙusa, kuma da yake idonsa ya yi rauni, sai ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa shinkafar yana neman inda ƙwayar ta shige. Daidai nan Gwaggo ta ɓullo da tsintsiyarta tana tayar da ƙura, ba ta ko ce masa kauce ba. Baba ya rungume kwanon da hannu biyu, ya kife a kansa, ya saki wani gunaguni daga can cikin maƙogwaro wanda ba kalma a cikinsa, irin wanda ya yi shekaru yana yi mata.

Sai ya ji abu ya bangaje shi a kafaɗa.

Manaja ne. Ya taso daga kan buhu, ƙafafu na rawa, ya zo ya sa ƙirji ya ture Baba gefe, ya cusa kai a kwanon ya ɗebi loma guda. Ya tauna. Ya haɗiye. Ya ɗago ya harari Baba da jan ido.

Tsintsiya ta faɗi daga hannun Gwaggo. Baba yana zaune daɓas a ƙasa, sai abin ya faɗo masa. Tun suna ƙanana, Manaja bai taɓa cin abinci a robarsa ba. Kullum sai an zuba wa kowa nasa, Akawu ya fara ci yana gurnani, Manaja ya taso a hankali ya ture shi ya gaje kwanon, Akawu ya koma kan shuɗiyar roba yana ƙorafi. Kowa a asibitin ya ga wannan, kowa ya yi dariya ya ce halin manya ke nan. Ba wanda ya taɓa kawowa a ransa cewa karen bai san wata hanyar cin abinci ba sai wannan.

Baba ya ce, "Gwaggo, abincin da ba a ƙwato ba, ba ya yi masa daɗi."

Gwaggo ta ce, "To ai ka ji. Har a bakin mutuwa zalunci yake nema."

Manaja ya tsaya a kan kwanon bai ƙara loma ba, yana jira. Baba ya dube shi, ya dubi Gwaggo, ya dubi sama. Sannan ya gyara riga, ya sake durƙusawa, ya kife a kan kwanon Akawu, ya yi gurnani. Manaja ya ture shi ya ci. Ranar sau da yawa aka ture dattijon nan, har kwanon ya yi rabi.

Daga ranar aikin Baba ya ƙaru da wanda ba ya cikin takardar ɗaukarsa. Safe da yamma, mutum mai jikoki, mai ciwon gwiwa, zai naɗe ƙafar wando ya shimfiɗa kwali a bayan tanki ya zama Akawu. Kuma Manaja ba ya karɓar aikin ganin ido. In gurnanin bai fito daga ciki ba, sai ya kau da kai. In Baba ya saki kwanon da wuri, sai ya dube shi da raini ya koma buhu. Dole a ɗan yi tirjiya, a yi kamar za a hana, sannan a bari ya ci da yaƙi. Bayan haka ma ba a gama ba, sai Baba ya rarrafa zuwa shuɗiyar roba ya tsuguna a gabanta yana ƙunƙuni, don Manaja yakan ɗago tsakiyar ci ya tabbatar wanda aka zalunta yana nan yana jin haushi.

Gwaggo ta samu abin yi. Da safe ta ce, "Akawu, an tashi lafiya? Ya ƙwarin jela?" Da rana ta tambaye shi ko a ajiye masa ƙashi. Ta ce wa Likita a duba ko shi ma lokacin allurarsa ta shekara ya yi. Baba ya yi kunnen uwar shegu da ita. Abu ɗaya kawai ya roƙa, kada labarin ya fita ƙofar asibiti, don yana da surukai.

Surukin ne kuwa ya fara gani. Mijin autarsa, ma'aikacin banki, mutum mai kunya da ladabi, ya biyo da safe cikin kwat da laktaye zai ba shi saƙo. Gwaggo ta tare shi a ƙofa da fara'ar da ba a saba gani a fuskarta ba, ta ce, "Yana bayan tanki, shiga kai tsaye, ba ya komai." Ya zagaya, ya tarar da uban matarsa a kan gwiwa da hannu, kai a cikin kwano, yana gurnani.

Bawan Allah ya rasa inda zai sa kansa. Komawa ba dama, an riga an haɗa ido. Tsayawa a kan dattijo yana ƙasa kuma ba tarbiyya ba ce. Sai ya tattare kwat ya durƙusa a gefensa, ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ina kwana?"

Manaja ya ga abokan hamayya sun zama biyu. Kunnuwansa suka miƙe, abin da ba su yi ba tun rasuwar Akawu.

Baba ya ce ƙasa-ƙasa, "Lafiya lau. Kada ka motsa. Ya mutanen gidan?"

"Suna lafiya, Baba. Baba... lafiya dai?"

"Lafiya ƙalau. Matso kusa da kwanon. Yawwa. Yi gurnani."

"Na'am?"

"Gurnani, ɗana. Kamar za a ƙwace maka abu."

Surukin ya yi gyaran murya, ya saki wani ɗan gurnani mai ladabi, irin na wanda ba ya son ya ɓata wa kowa rai. Manaja ya taso da ƙarfin da ba a san yana da shi ba, ya ture Baba, ya ture ma'aikacin banki, ya share kwanon tas har yana tura shi da hanci a kan siminti. Ranar ce ya fara cinyewa duka. Gwaggo tana jikin tanki ta riƙe ciki, hawaye na zuba, ta kasa ko tsayuwa. Kafin azahar labari ya kai gida, kafin magariba jikoki suna yi wa kakansu gurnani in ya miƙa hannu a faranti.

Baba, kai ne ka ɗauki girman da ka tara shekara da shekaru ka shimfiɗa shi a kan kwali saboda dabbar da ba za ta taɓa ce maka na gode ba. Kai ne aka yi wa dariya a gida da waje, ka bari aka yi, don ka san abin da ke jiran ka a kan teburin ƙarfe in ka tashi. Mun yi dariyar, ba mu musa ba, har yanzu ma muna yi.

Sannu a hankali awazu suka ɓuya. Manaja ya koma shan ruwa, ya daina ɓata shimfiɗa, kukan tsakar rana ya ragu har ya ɗauke. Baba ya riƙa zagayawa da shi bakin katanga da yamma, hanyar da Akawu yake bi, tsoho na jan tsoho. Haushi ne kawai Baba ya ce ba da shi ba. In baƙo ya shigo, sai ya buga ƙafa a ƙasa, Manaja ya ji a jikinsa, ya ɗaga kai ya yi gudan nan nasa mai kauri, yawanci yana fuskantar inda ba baƙon yake ba.

Ana cikin murna Likita ta ga Baba ya yi zugum a kan benci. Ta tambaye shi, ya ce, "Likita, mun yi gyara mun bar ɓaraka. Karen nan ya rasa Akawu sau ɗaya. In na tafi ƙarshen wata, ya rasa shi sau biyu."

Aka shiga neman magaji. Likita ta gwada da kanta, ta cire farar riga ta durƙusa, amma Manaja ya san ta da allura, ya ƙi kusantar kwanon. Mai ba da magani ya gwada, dariya ta ƙwace masa tun kafin ya kai ƙasa. Gwaggo tana tsaye da tsintsiya tana kallonsu tana tsaki. Ta ce, "Ku duka ba ku iya ba. Wannan gurnani ne ko tari? Ku kauce, ku ga yadda ake hana mutum abu." Ta ɗaure zani, ta durƙusa, ta rungume kwanon, ta saki wata ƙara da ta sa akuyar da ke layi ta tsinke igiya. Manaja ya ja da baya taku biyu, ya dube ta da girmamawa, sannan ya tattaro ƙarfinsa ya ture ta.

Baba ya ce, "Na daɗe ina faɗa, baiwa ce Allah ya ba ki."

Ta ce, "Ka ƙara magana in fasa."

Bai sakar mata aikin rana ɗaya ba. Tare suka riƙa durƙusawa, kafaɗa da kafaɗa, mutum biyun da ba su taɓa yarda da juna a kan ko bokiti ba. Daga baya ya koma tsugunawa a gefe, daga nan kan benci, daga nan bakin ƙofa, har Manaja ya saba da sabon akawunsa.

Ranar aikinsa ta ƙarshe, yana naɗe igiyoyi, ya ji muryar Likita daga ciki: "Baba, ɗauko Manaja. Riƙe min!" Ya ajiye igiyoyin yana zaton waccan allurar ce. Ya kawo shi, ya ga abin da ke hannunta, ashe allurar shekara ce. Suka ɗora shi a tebur da ƙyar don nauyi. Allura na taɓa fata Manaja ya yi wata zabura, ya watsar da tire, ya shure mai ba da magani, ya kai wa hannun Baba cafka ya bar masa sabon yagi a kan tsofaffin. Baba ya kwanta a kansa gaba ɗaya yana haki, yana dariya, hawaye na gangarowa cikin gemu. Da wannan riƙo ya rufe aikinsa.

Inna, matarsa, ita ta ba mu ƙarashen. Ta ce washegari ya tashi da wuri kamar kullum, ya ɗauki keke ya ce iska zai sha. Ashe bayan katangar asibiti ya je ya laɓe. Ya ji gurnanin Gwaggo, ya ji ƙarar kwanon silba a kan siminti, ya leƙa ta ramin bulo ya ga Manaja yana ci hankali kwance. Ya dawo gida ya zauna. Ya ce mata, "Ya ci. Ya cinye tas. Ko waiwayawa bai yi ya neme ni ba." Ta ce ai abin da kake so ke nan. Ya ce haka ne. Ta kawo abinci ta ajiye, ya dube shi ya kau da kai, ya ce ba ya jin yunwa. Rana ta yi, haka. Da yamma ta sake ajiyewa, ya sake kau da kai.

Inna ba ta lallashe shi ba. Ta jawo farantin gabanta, ta kare shi da hannu, ta ce, "To madalla. Dama naman nan nake so."

Ya ce, "Wa ya ce miki ba na ci?" Ya fizge farantinsa.

Mun gode, Baba Riƙe-Min, mai hannun da ba ya saki. Mun gode a madadin duk wanda ka riƙe wa dabba ya tafi bai dube ka ba, da waɗanda suka juya baya ka tsaya a wurinsu. Masu karatu kuma, in kuna da tsoho a gida, mai ƙafa huɗu ko mai biyu, wanda ya rasa abokin zama ya ture kwano, ku fara kai shi a duba jikinsa. Bayan haka ku zauna ku tuna yadda yake ci lokacin da abokin yana nan, kuma in abin ya kai ga durƙuso, ku durƙusa, gwiwa tana wankuwa. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, Baba, ya sassauta maka ciwon gwiwar da ka samo a bayan tanki. Ka riƙe farantinka da kyau, don Inna ta ce gobe ma za ta kawo hari.